Kwamfutar Malam Ta Tafi Maradun

Litinin, 16 ga Yuni, 2025, Talata Mafara

Yau na shiga ɗakin Malam, maigidana. Tun rasuwarsa ban taka ba, ko shara ma 'yarsa Saude ce ke yi in ta zo daga Bakura ganina. Almakashin ɗinkina na je nema, wanda ya ara zai yanke wata waya bai mayar mini ba. Halinsa ke nan, Allah ya jiƙansa.

Almakashin na kan tebur. Gefensa ga tsohuwar kwamfutar nan tasa mai fasasshen murfi, ga ɗan akwatin wayifai, duk a kunne. A kunne! Na ɗora hannu na ji ɗumi, na ji 'yar fanka na juyawa a ciki. Mutum ya fi wata biyu a ƙasa, abin da ya kunna da hannunsa bai samu labari ba, yana ta aikinsa. Sai da na zauna bakin gado.

Shekara nawa muna faɗa a kan abin nan. Ta shanye batirin sola, fankata ta mutu da tsakar zafi, shi kuwa sai ya ce, "Lailatu, ki bar ta, ita ba a kashe ta." Na miƙa hannu zan zare wayar, na fasa. Na ɗauki almakashina na fito.

Laraba, 18 ga Yuni

Akwai wata alama shuɗiya da ya sa mini a waya tun bara, ban taɓa latsawa ba don in ba shi haushi. Yau na latsa.

Hotuna ne. Na sunan ɗan Saude, na rigunan da na ɗinka, har na wayata da aka zare mini a kasuwa shekarun baya, waɗanda na yi kuka a kansu na haƙura. A can sama ga hoton wuyan rigar da na ɗauka jiya da hantsi. Jiya fa. Wa ya kai shi?

Na kira ƙanwata Nazifa, ita ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata a Bakura. Ta yi mini dariya son ranta.

"Yaya, ai ita aka cewa saba. Hotunan ba Turai sunka tahi ba, ba su hannun kamfanin kowa. Suna nan cikin ɗakin Malam. Duk sa'ad da kinka shigo gida, wayarki ta gaida kwamfutar ta miƙa mata abin da ta samo."

Na ce wa ya sayar masa da wannan dabara? Ta ce kyauta ce. Wai sunan abin Linux, da wasu manhajoji a kansa. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya rubuta ɗan abin da ya iya, suka haɗa, suka ce duk mai so ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Na ce gayya ke nan. Ta ce gayya ce, amma ba mai gona, kuma ba a dama fura.

Har na yi la'asar ina juya maganar. Akwai irin waɗannan mutane a duniyar nan, kuma aikinsu ya iso har bayan gidan mai a Mafara, ya zauna kusa da almakashina.

Asabar, 21 ga Yuni

Na gano wajen muryoyi. To ashe wannan ne yawon da yake yi ranakun Asabar, ni ina cewa zaman majalisa yake zuwa. Morai, Dosara, Dakko, kowane gari da jakarsa a cikin kwamfutar. Tsofaffin manoma yake zaunarwa suna ba shi labarin noman da, kafin a yi dam, da irin shinkafar da aka daina shukawa.

Gaskiya ni ba tsofaffin nake saurare ba. Ina jan abin gaba ne har in zo inda zai ce, "To Baba, daga nan sai aka yi yaya?" Da 'yar gyaran muryar nan da yake yi kafin ya yi tambaya. Na ƙona miya.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ban yi ɗinki ba. Ina Dosara tun safe, ina kan tabarmata.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ya Allah.

Cikin jakar Dakko akwai wani naɗin murya mai tsawo. Tsohon ya gama magana, an yi sallama, amma abin bai tsaya ba. Malam ya manta bai kashe ba, ya jefa wayar aljihu. Ƙarar babur, ƙarar babur, har na kusa wucewa. Sai na ji ƙofar gidanmu, na san kukanta. Sai na ji wata mata ta tashi da faɗa: wai ya shigo mata da taɓo inda ta share, wai mutum da girmansa yana yawo kamar mai tallan goro. Ni ce. Ashe haka muryata take, kamar ana kankare tukunya.

Shi kuma ya yi ta tsokanata. Ya kira ni da sunan nan da ba wanda ya sani sai mu biyu, ko a nan ba zan rubuta ba. Ya ce in ban yi masa faɗa ba abinci ba ya yi masa daɗi. Na jefe shi da wani abu, ina jin mafici ne. Sai muka fashe da dariya, ni da shi, irin wadda ba a yi in da mutane.

Na manta da wannan rana sarai. Ba ranar komai ba ce. Kwamfutar da nake zagi ce ta riƙe mini ita. Na yi kuka har Taibatu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, na ce mata albasa ce.

Asabar, 5 ga Yuli

An yi rabon gado. Hamma, yayan Malam, ya zo da liman, suka zauna tsakar gida, ni ina daga ƙofar ɗaki bayan labule tunda ina takaba. Saude na gefena. Khalifa, babban ɗan Malam, ya zo daga Maradun inda yake da shagon kayan noma.

Ni da Khalifa ba mu taɓa saɓawa ba, ba mu kuma taɓa sabawa ba. Ya riga ya zama saurayi lokacin da na shigo gidan, bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gaisuwa ce tsakaninmu, doguwa mai kyau, daga ita sai sallama.

An bi kaya ɗaya bayan ɗaya lafiya lau. Da aka zo kan kwamfuta, Khalifa ya ce a sa ta cikin nasa, don ita ce hannun Baba ya fi zama a kanta. Muryarsa ta ɗan karye da ya faɗa. Hamma mutum ne mai adalci, sai ya ɗaga murya ya ce, "Lailatu, ko kina da buƙata ga wagga na'ura? In kina so, a sa ta cikin tumuninki, ba wanda za ya hana."

Ga liman. Ga maza. Ga 'ya'yansa. In ce me? In ce ina son in riƙa jin muryar mijina?

Bakina ya ce, "Ni mi zan yi da ita, Hamma? Batir kawai taka sha."

Aka yi dariya. Aka ba ni firiji.

Lahadi, 6 ga Yuli

Firiji! Lailatu, ke da bakinki. Kin yi faɗa da mai nama, kin yi faɗa da mai kawo ruwa, an zo inda baki zai yi miki rana sai ya koma na amarya.

Da babur Khalifa ya zo kuma ga hadari, don haka ya bar ta. Ya ce zai dawo da mota Juma'a ta sama. Akwatin wayifai ya ce in riƙe, yana da nasa a shago.

Asabar, 12 ga Yuli

Nazifa ta zo da wata tsohuwar kwamfuta tata da madanninta suka zube kamar haƙoran tsohuwa. Ban gaya mata komai ba, cewa na yi hotunan ɗinkina nake so. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce to.

Ta yi ta rubuce-rubuce a wani baƙin allo, farin rubutu na gudu. Ta sa wata manhaja a kwamfutocin biyu, ta nuna wa wannan lambar waccan, wai ta haɗa su zumunci. Sai kaya suka fara tafiya. Ba waya tsakaninsu, ba data, ta iskar ɗakin kawai. Na sa hannu a tsakiya, ban ji komai ba, amma a lokacin tsofaffin Morai na ratsa tafin hannuna.

Na ce, to in an kwaso, can ba zai ragu ba? Wannan ne ya dame ni, kada in ci haƙƙin marayu.

"Yaya, ko ƙwaya ba ta raguwa. Abin da ac can, shi an nan. Ko Maradun ta tahi, in dai duk suna da sabis, suna tare."

Na ga rabon gado a rayuwata, na ga an raba gona da igiya, na ga an yanka tabarma biyu. Ban taɓa ganin abin da kowa zai ɗauka dukkansa ba, kuma ya rage dukkansa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan basira.

Lahadi, 13 ga Yuli

An gama da hantsi. Na duba Dakko a wadda Nazifa ta kawo mini, yana nan. Na dafa wa Nazifa shinkafa da wake ta tafi da shi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Gobe Khalifa zai zo. Ina guga tunanin ya faɗo mini: zai kai ta Maradun, zai zauna ya bi muryoyin babansa ɗaya bayan ɗaya, zai zo Dakko. Zai ji sunan nan. Zai ji dariyar nan. Wataƙila da matarsa a gefe. Da wane ido zan sake amsa gaisuwarsa?

Na shiga ta wayata cikin kwamfutar Malam, na nemo shi, na danna gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ai ina da nawa.

Har na ji daɗin kaina. Na ce ashe ni ma na iya.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ya zo da wuri don ya koma da rana, hanyar ba ta son yamma. Shi ya kashe ta da hannunsa. Ya naɗe ta cikin rawanin Malam, ya rungume kamar jariri. Ɗakin ya yi tsit.

Asabar, 19 ga Yuli

Babu.

Na duba Dakko, na duba Morai, na duba Dosara ko ya ɓata hanya. Na kashe na kunna. Duk tsofaffin suna nan, kowa da tarinsa. Nawa ne kaɗai babu.

Lahadi, 20 ga Yuli

Dole na gaya wa Nazifa gaskiya, ba duka ba. Ta yi salati.

"Yaya, ba na ce miki abin da ac can shi an nan ba? Kin goge can, waccan ta hwaɗa ma wagga, wagga ta goge nata. Amana sunka riƙe."

Ni na ɗauka zumuncin na kawowa ne kawai. Ban san har rashi suke rabawa ba.

Sai ta ce in tsaya. Wai manhajar Malam tana da kwandon shara. Abin da aka goge ta waya ba ya ɓacewa nan take, yana zama cikin kwandon wajen wata guda, sannan ta zubar da kanta. Amma kwandon na cikin kwamfutar Malam ne, tawa ba ta da shi. Sai an kunna ta can Maradun, an buɗe kwandon, an nemo shi, an ce ya koma. Daga nan zai biyo sabis ya zo mini.

Na ce wa zai yi? Ta ce, "Mai ita."

Ta ce ko ita ta kira shi? Na ce a'a. In ta kira, sai ya tambaye ta mene ne, kuma har yanzu maganar a kaina za ta ƙare, da ƙarin mutum ɗaya a ciki.

Talata, 29 ga Yuli

Kasuwa na ci, ina jin hayaniyar motoci daga nan. Na kira Khalifa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya shago, ya ruwa, ya muka ji da haƙuri. Ya amsa duka, ya mayar mini da nasa. Aka zo inda ake faɗin abin da ya sa aka kira. Na ce, "Dama gaisuwa ce." Ya yi godiya.

Wani bawan Allah da ban sani ba, a wata ƙasa da ban sani ba, ya zauna ya yi tunanin cewa wata rana wata za ta jefar da abin da take so, ya saƙa mata kwando ya ajiye. Ya yi nasa. Saura ni da buɗe baki, abin da aka haife ni da shi.

Laraba, 6 ga Agusta

Na sake kira. Wannan karon har kajinsa na gaishe.

Ina ƙoƙarin tuno dariyar da kaina, ta fara dushewa. Maganganun na riƙe su, amma sautin ba ya zuwa. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Lahadi, 10 ga Agusta

Nazifa ta turo saƙo: kwanaki na tafiya, kwandon ba ya jiran kowa.

Bayan azahar na shiga ɗakin Malam, na zauna kan kujerarsa, na kira. Ban bari gaisuwa ta yi nisa ba, a "ya iyali" na tare shi.

Na ce, "Khalifa, magana gare ni. Ran rabo na yi ƙarya. Ina son abin da ac cikin kwamfutar nan."

Ya ce, "Subhanallahi, Inna, ai da kin hwaɗi. Gobe in kawo ta."

Na ce ba ita ba, taka ce, ka riƙe. Na gaya masa na kwafi komai. Na gaya masa akwai murya ɗaya da na goge don kada ya ji, ta babansa ce da ni, a cikin gida, ba ta mutane ba. Na ce ta ɓace mini, kuma ita nake so fiye da firiji da duk abin da ke gidan nan. Na ce ina kewarsa. Da bakina na faɗa, ga ɗansa. Gumi har cikin tafin ƙafata.

Ya ce tun da ya kai ta bai kunna ba, tana nan cikin rawanin, ya kasa. Ya ce in ba shi lambar Nazifa.

Litinin, 11 ga Agusta

Da hantsi ana yayyafi Nazifa ta kira ta ce in buɗe tawa in zuba ido. Na zauna. Ba komai, ba komai. Sai wani ɗan layi ya fito ƙarƙashin Dakko ya fara cika a hankali. Ya tsaya, sabis ya ɗauke, na ce innalillahi. Ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai yi fushi ba.

Daga Maradun fa. Ta kan dam, ta kan fadamun shinkafa, ta kan hanyar da mutane ke tsoron bi, cikin ruwan sama, ba direba ba ɗan aike. Abin da na jefar da hannuna ya taso daga shara ya nemo gidanmu. Na tuna abin da malamai ke faɗa na ranar da za a mayar da komai, na yi istigfari don kada in haɗa abin da ba a haɗawa. Amma tsigar jikina ta tashi, kuma na yi sujada.

Ban kai ga kunnawa ba Khalifa ya kira.

"Inna, ki gahwarce ni. Abubuwa da yawa cikin kwandon, sai da na kunna kahin in gane shi na. Na ji kaɗan, na kashe."

Na rufe ido. Na ce ƙasa ta tsage.

"Inna, ashe Baba shina dariya hakanga? Ni tunda nike ban taɓa ji ba. Gabanmu bai yi."

Kuka yake yi, babban mutum mai 'ya'ya uku. Ya ce Nazifa ta nuna masa yadda za a raba zumuncin a kan wannan ɗaya, nawa ya tsaya, nasa ya goge, ba zai sake ji ba. Ya ce abin da na ce shi za a yi.

Na buɗe baki in ce goge. Abin da ya fito shi ne, "Bar shi. In Saude ta zo, ka kunna mata. Amma ku wuce wajen faɗan."

Ya yi dariya cikin kukan, ya ce ai wajen faɗan ya fi daɗi. Ɗan banza.

Alhamis, 14 ga Agusta

Gobe zan fita takaba. Taibatu ta kawo lalle, na ce ba na so, ta ajiye ta tafi, na kwaɓa.

Khalifa ya kira da safe, ba wani dalili. Wai kwamfutar tasa tana zafi, na ce ya ɗaga ta kan bulo biyu ya daina rufe ta da rawani. Mun kai rabin hira kafin na tuna ba mu gaisa ba.

Na saurari Dakko sau ɗaya, ƙofa a buɗe. Ba mafici ba ne na jefa, ludayi ne, ana jin faɗuwarsa. Kuma Sanusi ne ya fara dariyar, ba ni ba.

Na ga abin da na rubuta: sunan Malam, wanda ban taɓa kira ba. Biro ne, ba ya goguwa. A bar shi.